Surukata a Motar da Ba Ta Ƙara

Ko sunana na manta, ba na jin zan manta ranar da muka ɗauko surukata daga ƙauyensu na wajen Ibohamane za mu kai ta aikin ido a Madawa. In ma na yi niyyar mantawa, ƙanen matata yana nan da ransa, kuma ba ya bari a watse daga taron suna ko na biki bai tayar da zancen ba. Shi ya sa na ga gara in ba da labarin da bakina, don a nasa bakin kullum sai ya ƙara gishiri.

Ni ɗan kasuwar albasa ne a Sabon Gida. A lokacin ina da wata tsohuwar 'yar bas mai ƙofar da ake ja gefe, irin mai layin kujeru uku. Na ce uku ne don haka aka ƙera ta, amma layin tsakiya na daɗe da kwance shi na jingine a zaure, tunda buhun albasa ba ya neman kujera. Ƙofarta sai an sa mata kafaɗa take buɗewa, madubin tsakiya ya faɗi tun tuni ban mayar ba, kukan injinta kuwa tun ina bayan gari yarana ke jin sa su ce ga Baba nan. Duk da haka ban taɓa jin kunyarta ba, don ita ke ciyar da gidana.

Surukata kuma yanar ido ce ta rufe mata idanu duka biyu. Matar da ke saƙa faifai har ana zuwa saye daga ƙauyukan kusa, ta koma sai an riƙe mata sanda za ta zaga bayan ɗaki. Jikokinta da murya take gane su, ƙananan ma ba ta taɓa ganin fuskarsu ba, kuma wannan ya fi komai ci mata rai. Akwai wasu likitocin ido da kan zo Madawa sau ɗaya a shekara su kankare wa tsofaffi yana. An daɗe ana lallashinta tana ƙi, sai a wannan shekarar ta amsa, amma ba ta amsa ba sai da ya rage ranar ƙarshe ta aikin. In ba mu kai ta kafin la'asar ba sai baɗi, kuma tsohuwar da aka sha wuya kafin ta ce to, ba wanda ke da tabbacin za ta sake cewa.

Sai na yi bayanin wani abu saboda waɗanda ba 'yan wajenmu ba. Tsakanin mutum da uwar matarsa sai kunya. Ba ka cin abinci a gabanta, ba ka zama kusa da ita, ba ka haɗa ido da ita. In za ka gaishe ta, tun daga nesa za ka tuɓe takalmi ka durƙusa kanka a ƙasa. Kowa na yi, amma surukata ta ɗauki abin da zafi fiye da duk wanda na sani. Sama da shekara ashirin ina auren ɗiyarta, ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Tana da ƙanwa, wata ƙatuwar mata mai bakin da ba ya ɓoye komai, muna ce mata Inna Ƙarama. In surukata na da magana da ni, ko ina tsugune a gabanta, sai ta gaya wa Inna Ƙarama, ita kuma ta maimaita mini kamar ni kurma ne. Ga shi matata ce ɗiyarta ta fari, ita ma ba a kiran sunanta, ba a zama kafaɗa da kafaɗa da ita.

Da asuba na tashi da matata a 'yar bas ɗina, ko karin kumallo ban tsaya yi ba. A Buza muka haɗu da ƙanen matata, autan gidansu, wanda ya yi shekaru yana fatauci a gabar teku ya dawo da wata mota kat-kat fara sol, wadda ba ta shan mai sai wutar lantarki. A Madawa ya kwana ya cika mata batir. Ni da shi wasa ne tsakaninmu, shi yana ce mini Mai Albasa, ni ina ce masa Auta, saboda haka tun kafin mu gama gaisawa gardama ta tashi a kan motar da za ta fi yi wa tsohuwa daɗin zama.

A gaban wasu masu shan shayi muka tsaya, su kuwa nan take suka naɗa kansu alƙalai. Auta ya buɗe ƙofofinsa huɗu yana nuna kaya: kujeru na fata masu laushi, ƙasan motar shimfiɗe ba tudu a tsakiya, sanyi na fitowa har ta cikin kujera ya bugi bayan mutum. Ni ma na sa kafaɗa na ja tawa ƙofar, na nuna musu cewa a tawa tsohuwa za ta shiga ba sai ta naɗe kamar tabarma ba, ta miƙe ƙafa iyakar tsawonta, har ta kwanta in ta ga dama. Aka auna wurin ƙafa da taƙi, tawa ta ci nesa ba kusa ba. Aka auna faɗin kujera, nan ma ban faɗi ba. Sai wani mai tumbi daga cikinsu ya shiga tawa ya zauna, ya fito yana share hawaye, ya ce filin dai akwai shi, amma matar da za a kai aikin ido ba a fara jiƙa ta da warin albasa. Ya shiga ta Auta kuwa sai da aka roƙe shi kafin ya fito.

Matata ce kaɗai ta yi maganar hankali. A hankali ta ce mini, "Kujera biyat ta gare ta, mu ma biyat muke. Ina za ka zamna, ina Inna za ta zamna?" Na ji ta sarai, amma a daidai lokacin ina zaune a kujerar gaba sanyi na ratsa mini ƙashin baya, sai na ce mata Allah zai kawo dabara. Haka na ci amanar motar da ke ciyar da ni, na bar ta a ƙarƙashin wata bishiya a Buza, muka haura ta Keita zuwa ƙauyen a motar Auta. Gaskiya tafiyar zuwan ta yi daɗi, duwatsun hanyar nan da suka saba karya mini ƙugu ko jin su ban yi ba.

Da muka isa ƙauyen aka kawo mini fura da nono mai sanyi a zaure. Yunwa na cina, amma gidan surukai ne, na kai ludayi baki sau ɗaya na ture ƙwaryar na ce alhamdu lillahi. Daga nan aka shiga rabon kujeru. Auta dogo ne, ya tura kujerarsa baya har ƙarshe, saboda haka bayansa ba wurin tsohuwa mai ciwon gwiwa. Aka sa matata can. Inna Ƙarama ta zauna a tsakiya don ta raba uwa da ɗiyar fari, ta kuma cinye rabin wurin kowacce. Wurin da ya rage wa surukata shi ne bayana daidai, kusa har ina jin ƙarar carbinta a ƙeyata. Tun da na yi aure ban taɓa matsowa kusa da ita haka ba, na zauna a sandare ko jingina ban iya yi ba.

Mun bar gari da nisa sai na ji ta tambayi ƙanwarta yaushe za a tashi, wai rana na yi. Inna Ƙarama ta ce ai har mun wuce rijiyar makiyaya. Tsohuwa ta ɓata rai, ta ce wace irin mota ce wannan da za ta saci mutum daga gidansa bai ko yi bisimilla ba. Auta ya yi dariya ya ce ai daɗinta ke nan, ba ta ƙara ko kaɗan. Ni ma a lokacin na ɗauka abin yabo ne.

Ba a jima ba cikina ya fara. Ba ƙaramin kuka ba, irin mai jan dogon zango ya sauka, ya huta, ya sake ɗauka. A 'yar bas ɗina ko ganga cikin mutum ke bugawa ba mai ji, amma a nan shiru ne irin na masallaci. Na yi tari don in rufe, tarin ya ƙare kukan bai ƙare ba.

"Auta," in ji Inna Ƙarama, "ba kac ce motag ga ba ta da inji ba? To mi ka gurnani nan gaba?"

Maras kunyar ya ce shi ma yana ji, amma ba daga motarsa ba ne, daga ɓangaren dama yake fitowa. Na ji matata ta yi wani ɗan sauti ta hanci.

Akwai ƙuli-ƙuli a aljihuna. Na yi shawara da zuciyata cewa tunda tsohuwa ba ta gani, in na sa guda a baki na tsotse shi a hankali har ya jiƙa, ba wanda zai sani. Dabarar na tafiya daidai, sai motar ta faɗa wani rami haƙorana suka haɗu. Ƙarar da ta fita ni kaina sai da na firgita. Surukata ta ce a tsaya a duba, dutse ya fasa wani abu a ƙarƙashin mota. Na zauna da ƙuli-ƙuli cike da kunci, ba halin taunawa ba halin tofarwa, muka yi tafiya mai nisa a haka ina haɗiyar miyau.

Duk wannan somin taɓi ne. Mun kusa Buza, muna gangarawa wata korama mai yashi, surukata ta gaya wa ƙanwarta cewa gwiwoyinta sun ƙage, kujerar gaba ta matse ta. Inna Ƙarama ta isar mini da saƙo cewa mai gaba ya matsa. Na ji daɗi ma, ga damar yin abin kirki. Na sunkuya ina laluben ƙarfen da ake ja a ƙarƙashin kujera kamar na motata, ban samu komai ba. Auta, idonsa na kan yashi, ya ce akwai maɓallai a gefen kujerar, in danna na gaba. Na laluba na ji su sun fi uku, ban san wanne ne gabansu ba, na zaɓi wanda ya fi girma na danna.

Sai na ji bayana yana tafiya. A hankali, ba gaggawa, kujerar ta fara kwantar da ni. Da mai hankali ne da ya ɗauke yatsa, ni kuwa tsoro ya sa na ƙara dannawa da ƙarfi, wai ko za ta gane kuskure ta komo. Na yunƙura in tashi, ɗamarar kujera ta riƙe ni gam a ƙirji. Ina ganin hanya, na koma ganin rufin mota, daga nan na fara ganin haɓar Inna Ƙarama ta ƙasa. Kujerar ba ta tsaya ba sai da ta taɓa cinyar surukata. Hulata ta gangara ta faɗa hannunta, ni kuma ga ni kwance, tsakiyar kaina mai sanƙo a ƙarƙashin hancinta.

Tsohuwa ta ji nauyi a jikinta, ta miƙo hannu tana lalube. Ta shafa ta dama, ta shafa ta hagu, ta ji abu sumul mai zagaye. Wallahi sai da ta ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa yadda mata ke gwada ƙwarya a kasuwa.

"Wa yaɗ ɗora min ƙwarya bisa ƙahwa?" in ji ta.

Da Inna Ƙarama mai rufin asiri ce da ta ce kayan Auta ne suka zamo. Amma sai ta leƙo fuskata, muka haɗa ido, ta ce, "Ba ƙwarya ba ta, Yaya. Kan surukinki na."

Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba, kuma ba injin da zai taimake ni ya rufe shi. Ba abin da ake ji sai numfashin mutum biyar. A wannan shirun ne guntun ƙuli-ƙulin da ke kuncina ya zame ya shaƙe ni, na kama tari ina kwance a cinyar matar da ban taɓa yarda ta ji ko atishawata ba. Matata ta cusa kai a mayafi tana danne dariya. Auta ya tsayar da mota a bakin koramar, ya zagayo ya tashe ni, sannan ya koma bayan motar ya durƙusa yana dariya har da dukan ƙasa.

Surukata ba ta yi dariya ba. Ta ce a fitar da ita. Aka kama ta aka zaunar a inuwar wata aduwa, ta sa aka juya ta ta fuskanci wajen Keita, ta ce a nemo mata amalanke gida za ta koma. Auta ya daina dariya ya zo yana roƙo, ya yi alkawarin zai sa ni a bayan mota wurin kaya, ta ce ko a can ne ai tana jin numfashina. Inna Ƙarama ta tuna mata jikoki, sai tsohuwa ta ce, "Idon da za shi buɗe in dubi wanda nis shahwa ma kai, gara shi zamna ruhe." Nan ne abin ya daina ba ni kunya ya koma ba ni tsoro. Rana ta take tsaka, kuma na san tsohuwar nan in ta kafe ba mai tayar da ita. Na tsaya can nesa kai ba hula, ina ganin saboda yatsana guda za ta ƙare rayuwarta a duhu, na ji kamar in yi kuka.

Matata ce ta sake fitar da mu. Ba ta dubi uwarta ba, ta dubi Inna Ƙarama ta ce a gaya wa Inna akwai wata mota a Buza. Daga kujerar bayanta zuwa ta direba tafiya ce, kujerunta ba sa motsi don tsatsa ta kama su, ba ta da madubin da za a ga juna, kuma in ta tashi ko kiran salla ba a ji a cikinta. Tsohuwa ta ce a kawo ta ta ji.

Na tare wani mai kabu-kabu na haye, rana na gasa mini sanƙo har Buza. Masu shayin nan suka tambaye ni ina hulata da motar sanyi, na wuce su kai tsaye. Na tayar da 'yar bas ɗina na juyo. An ce tun ban ɓullo ba surukata ta ɗaga kai ta kasa kunne, ta ce, "Yawwa. Wagga ita a mota."

Aka shigar da ita ba ko sunkuyawa sosai, ta zauna a layin ƙarshe, aka jawo wani ragowar buhun albasa ta ɗora ƙafafunta ta miƙe su sambal. Sai da ta yi bisimillarta ta gama na sa giya. Inna Ƙarama ta zauna kusa da ita tana ƙorafin an raba ta da sanyi, matata ta dawo gaba kusa da ni, Auta kuma ya biyo mu a baya shi kaɗai da kujerunsa na fata. Motar na jijjiga, ƙofa na kaɗawa, wari na tashi, amma ban taɓa jin daɗin zama a mota kamar na wannan tafiyar ba. Na cinye sauran ƙuli-ƙulina ƙarau-ƙarau, matata na dariya har da hawaye, ba wanda ya ji mu a baya. Kafin mu kai rabin hanya ma tsohuwa ta yi barci. Mun isa Madawa ana shirin rufe karɓar mutane, tana cikin na ƙarshe da aka shiga da su.

Washegari da safe aka cire mata audugar ido. Ni ban so shiga ba, matata ta ce rashin gaisuwar ya fi abin jiya muni. Hulata ba ta dawo ba, wadda Auta ya ara mini kuwa hana-salla ce, ba a gaida suruka da ita, dole na cire ta a bakin ƙofa. Na tarar tsohuwa na ta kallon tafin hannunta. Ta dubi ƙanwarta ta ce ashe ta tsufa haka, ta dubi Auta ta ce ya rage ƙiba, ta saci kallon ɗiyarta ta fari ta daɗe kafin ta kawar da kai. Ni kuma na durƙusa can bakin ƙofa kaina a ƙasa, wato abin da ya fara shiga sabon idonta daga jikina shi ne dai wurin jiya.

"Wanga kai na san shi," ta ce wa ƙanwarta.

Ɗakin ya fashe da dariya, har da wasu tsofaffi masu auduga a ido da ba su san zancen ba. Sai surukata ta kwance bakin zanenta ta fito da hulata, a ninke tsaf, ta miƙa wa Inna Ƙarama. Ta ce, "Ba shi abinai. Ki ce mai shi ɗaga kai sau guda, in ga huskar wanda ar riƙe min ɗiya shekarun ga dut. Na ji kan, ban ga huskar ba."

Wannan karon ban jira an maimaita mini ba. Na ɗaga kai muka dubi juna, ita da jan idonta mai ruwa, ni da nawa da ya cika da ƙwalla ban san lokacin ba. Bai fi ƙiftawa biyu ba ta ja mayafi ta rufe fuska, ta gaya wa ƙanwarta a ce Allah ya yi mini albarka, kuma a motar albasa za ta koma gida. Daga ranar har ta bar duniya ba mu sake haɗa ido ba, amma ta ga jikokinta duka, ta koma saƙa faifai, kuma na farkon da ta gama ni ta aiko wa.

Har yau in na ji ana gardamar wace mota ta fi daɗin zama, ana auna wurin ƙafa da laushin kujera, sai in yi murmushi in tuna masu shayin Buza. Abin da na koya shi ne, kafin ka zaɓar wa mutum wurin zama, ka fara sanin wa zai zauna a gabansa da wa zai zauna a bayansa, don wani ba laushi yake nema ba, tazara yake nema da ɗan rufin asiri. Na kuma koyi cewa in matata ta yi magana a hankali, in saurara ko da sanyi na busa mini baya. Maɓallin da ban sani ba kuwa, ko na rediyo ne, sai na tambaya kafin in taɓa.